Zara Ba Mayarwa: Me Ya Sa Na Farko da Na Ƙarshe Rabonsu Ɗaya?

Mutum goma ne, takardu goma a naɗe cikin kwali, ɗaya kaɗai aka yi wa alama. Wanda ya zaro mai alamar shi ya ci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan ƙuri'a ya san yadda ake rububin miƙa hannu. Wasu so suke su riga kowa, tun takardar tana nan, kafin wani ya yi gaba da ita. Wasu kuma wayonsu na ja da baya ne, wai bari a rage marasa alamar tukuna. Na ƙarshe yakan ɗauki abin da ya saura yana ƙunƙuni, cewa shi bai zaɓi komai ba, ragowa aka bar masa.

Dukkansu wahalar banza suke yi. Rabon na farko 1 ne cikin 10. Na biyu ba zai ci ba sai na farko ya kuskure, wanda yiwuwarsa 9 ce cikin 10, sannan shi kuma ya dace a cikin takardu tara da suka rage. Ninka 9/10 da 1/9, sai ga 1/10 ta dawo. Na uku: 9/10 sau 8/9 sau 1/8, nan ma 1/10. Haka za ka yi ta bi har kan na goma. Shi zai ci ne idan mutum tara duk sun kuskure, kuma idan ka ninka yiwuwar hakan daga 9/10 har zuwa 1/2, lambobin suna cinye juna, abin da ya rage 1/10 ne. Mai ƙunƙunin nan ba a cuce shi da komai ba.

Wannan ƙaramin lissafi shi ne tushen wata mas'ala da ke rikita ɗalibai da yawa, har da waɗanda suka iya haddar ƙa'idoji: mene ne ƙimar tsammani idan ana ɗiban samfuri kan mai uwa da wabi, kuma abin da aka ɗiba ba a mayar da shi?

Ita ƙimar tsammani, lissafinta ba wuya. Ka jera duk sakamakon da zai iya fitowa, ka ninka kowanne da yiwuwarsa, ka tara. Idan ka jefa ɗan lido mai fuska shida, kowace lamba daga 1 zuwa 6 tana da yiwuwar 1/6, jimlar ta kama 3.5. Sunan yana da yaudara, domin ba wanda ke tsammanin ganin 3.5 a fuskar ɗan lido. Abin nufi shi ne, da za a maimaita jifan sau dubbai, matsakaicin abin da ya fito zai je ya natsu a kusa da 3.5. Tunanin ya samo asali ne daga wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654, kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama shi. Ko mun so ko mun ƙi, a teburin 'yan caca aka haifi wannan fanni, daga baya ne ya yi wanka ya shiga ofisoshin ƙididdiga da ɗakunan bincike. A 1657 Christiaan Huygens, mutumin Holan, ya buga ɗan littafi kan batun, kuma cikin tambayoyin da ya bar wa masu karatu a ƙarshensa akwai ta zara ba mayarwa: ƙwayoyi 12, huɗu farare, takwas baƙaƙe, a zari bakwai ido a rufe, mene ne yiwuwar samun farare uku? Idan uku daidai ake nufi, amsar 35 ce cikin 99. Ke nan mas'alar ta haura shekara 360 tana hannun masana.

Mu ɗauki jaka mai duwatsu goma, huɗu jajaye, shida farare. Za mu zari uku. Hanya biyu ce. Ko dai duk wanda muka zara mu duba launinsa mu mayar, mu girgiza jakar, ko kuma mu ajiye shi gefe. A hanya ta farko jakar ba ta canzawa, kowace zara yiwuwar ja 4 ce cikin 10, don haka ba wanda zai yi gardama idan aka ce jajayen da ake tsammani 3 sau 0.4 ne, wato 1.2. A hanya ta biyu kuwa jakar tana sauya kama a hannunka. Idan na farko ja ne, saura jajaye uku cikin tara. Idan fari ne, jajaye huɗu cikin tara. Kowace zara tana shafar mai bi mata. Hankali zai ce maka lallai amsar ta bambanta.

To, a ƙirga a gani. Hanyoyin zaɓen duwatsu uku daga goma 120 ne. A cikinsu, 20 ba ja ko ɗaya. Guda 60 suna da ja ɗaya, domin jajaye huɗu ne, kowanne kuma za a iya haɗa shi da farare biyu ta hanya 15. Guda 36 suna da ja biyu. Huɗu kacal ne duk ukun jajaye. Tara su, 120 cif. Yanzu ninka: 60 sau 1, da 36 sau 2, da 4 sau 3, jimla 144. Raba da 120. Amsa 1.2. Ko sama ko ƙasa.

Ba dace ba ne aka yi. Canza lambobin yadda ka ga dama, haka za ta fito. Idan abubuwa N ne a jaka, K daga ciki masu launin da kake nema, ka zari n ba mayarwa, abin da ake tsammani shi ne n sau K/N, daidai da na mai mayarwa. A tambayar Huygens, 7 sau 4/12, wato farare biyu da sulusi.

Dalili na farko shi ne wanda muka gani a ƙuri'ar takardu. Manta da zara ɗaya bayan ɗaya. Ɗauka cewa an zazzage duwatsun goma an jera su a layi ba tare da an duba ba, an lulluɓe kowanne. Zara uku ba mayarwa daidai take da buɗe na farko da na biyu da na uku a layin. Yanzu in na nuna maka na biyu na tambaye ka yiwuwar ja ne, me za ka ce? Ba abin da ya bambanta gurbi na biyu da na bakwai ko na farko. Kowane dutse cikin goman yana da dama iri ɗaya ta faɗawa wannan gurbi, huɗu daga cikinsu jajaye ne, don haka 4 cikin 10. Mai son ya tabbatar da doguwar hanya ga ta: ja sannan ja, 4/10 sau 3/9, wato 12/90. Fari sannan ja, 6/10 sau 4/9, wato 24/90. Haɗa, 36/90, wato 0.4. Ragin da jan farko yake yi wa damarka, farin farko yana cike shi daidai wa daida.

Dalili na biyu shi ne wanda, a ganina, ya fi kowace ƙa'ida arha da amfani a wannan fanni, amma malamai sukan wuce shi da gudu. Ƙimar tsammanin jimla daidai take da jimlar ƙimomin tsammani, ko abubuwan da ake tarawa suna da alaƙa da juna ko ba su da ita. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane ba sa yarda da shi da farko. Sun saba jin cewa ba a ninka yiwuwa biyu kai tsaye sai in ba ruwan ɗaya da ɗaya, sai su ɗauka haka abin yake a wajen tarawa. Ba haka ba ne. Ba wa kowace zara maki: 1 idan ja, 0 idan fari. Matsakaicin makin zara ta farko 0.4, na ta biyu 0.4, na ta uku 0.4. Adadin jajayen da ke hannunka shi ne jimlar makin ukun. Ka yi tunanin an maimaita gwajin sau miliyan ɗaya, an rubuta shi a jadawali mai layuka miliyan da ginshiƙai uku. Ko ka tara layi-layi ko ka tara ginshiƙi-ginshiƙi, jimla ɗaya za ka samu, don lambobin nan dai su ne. Alaƙar da ke tsakanin zara da zara tana shafar yadda 1 da 0 suke haɗuwa a cikin layi ɗaya, amma ba ta ƙara ko rage adadin 1 da ke cikin kowane ginshiƙi. Shi ke nan hujjar, ba wani ɓoyayyen abu a ƙarƙashinta.

Abin bai tsaya ga ƙirga launi ba. A ce katuna biyar ne ɗauke da lambobi 2, 4, 6, 8 da 30. Matsakaicinsu 10. Ka zari biyu ba mayarwa ka ɗauki matsakaicinsu. Haɗuwa goma ce za ta iya fitowa, matsakaitansu kuma ga su: 3, 4, 5, 16, 5, 6, 17, 7, 18, 19. Jimlarsu 100, a raba da goma, 10. Matsakaicin samfuri, a tsammani, ya yi daidai da matsakaicin taron da aka ɗebo shi, kuma kan wannan gaskiya aka gina duk wani bincike da ake yi da samfuri. Amma sake duba jerin nan da kyau. Babu 10 a ciki. Babu ma 9 ko 11. Shida suna can ƙasa tsakanin 3 da 7, huɗu suna can sama tsakanin 16 da 19. Duk samfurin da ka ɗiba ya kauce wa gaskiya da aƙalla 3. Idan mai ƙididdiga ya ce maka hanyarsa ba ta karkata, abin da yake nufi ke nan: kurakuran sama da na ƙasa suna kashe juna idan aka haɗa duk samfuran da za su iya fitowa. Bai yi maka alkawarin komai ba game da samfuri ɗaya tilo da ke hannunka.

Akwai wani wuri da ake yawan zamewa, kuma gara a tsaya a kai. Duk abin da na faɗa game da 0.4 na zara ta biyu yana nan ne muddin ba ka ga ta farko ba. Da zarar ka buɗe hannu ka ga ja, lissafi ya koma 3/9. Ba dutsen ne ya canza ba, saninka ne ya ƙaru. Komawa ƙuri'ar takardu: idan mutum takwas sun buɗe nasu a gabanka ba wanda ya ci, rabonka ya zama 1 cikin 2, amma kafin a fara ba wanda ya ba ka tabbacin za a kai wannan matsayi, sau takwas cikin goma an riga an cinye kafin layi ya zo kanka. A nan ne ma maganar nan ta masu caca, wai launin da ya daɗe bai fito ba lokacinsa ya yi, take rabuwa biyu. A jifan kwabo ko zara da mayarwa, ruɗin kai ne tsantsa, kwabo ba ya tuna jiya. A zara ba mayarwa kuwa gaskiya ce, domin duk farin da ya fita ya bar jajaye sun fi kauri a jakar. Wani masanin lissafi na Amurka, Edward Thorp, ya nuna a farkon shekarun 1960 cewa mai lura da katunan da suka riga suka fita a wasan karta na ashirin da ɗaya zai iya gane lokacin da ragowar ta karkata gare shi. Martanin gidajen cacar ya nuna sun fahimci lissafin: suka ƙara yawan katunan da ake haɗawa, suka riƙa yawaita gauraya su, wato suka tura wasan kusa da zara da mayarwa.

To idan ƙimar tsammani ba ta canza ba, me rashin mayarwa ya canza? Warwatsuwa. Koma kan jakarmu. Mai mayarwa yana da yiwuwar 0.064 ta samun ja uku a jere, marar mayarwa 4/120, wato kusan 0.033, rabin wancan ke nan ko kusa. Rashin ja gaba ɗaya: 0.216 ga mai mayarwa, kusan 0.167 ga marar mayarwa. Abin da aka rage daga gefe biyun ya taru a tsakiya: ja ɗaya ya tashi daga 0.432 zuwa 0.5. Jakar da ba a mayar mata tana gyara kanta da kanta. In ka yi sa'ar ja da farko, ta ɗan rage maka damar na biyu. In ka rasa, ta ɗan ƙara. Ma'aunin warwatsuwa, wanda ake samu ta ɗaukar tazarar kowane sakamako daga matsakaici a ninka ta da kanta sannan a ɗauki tsammaninta, ya kama 0.72 ga mai mayarwa, 0.56 ga marar mayarwa. Na biyun shi ne na farkon sau 7/9, kuma wannan 7/9 daga (N − n)/(N − 1) ta fito: goma a cire uku, a kan goma a cire ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta jin wannan a jiki ita ce a kai abin ƙarshensa. Zari duka goman ba mayarwa: jajaye huɗu ne, yau da gobe da jibi, warwatsuwa sifili. Yi zara goma da mayarwa: tsammani huɗu ne nan ma, amma huɗu daidai ba za ta fito ba sai kusan sau ɗaya cikin huɗu. Mai mayarwa yana ɓata ƙoƙarinsa wajen sake duba dutsen da ya riga ya gani. A 1963 Wassily Hoeffding ya tabbatar da wani sakamako mai faɗi a kan haka, wanda ma'anarsa ita ce jimlar samfurin marar mayarwa ba ta fi ta mai mayarwa warwatsuwa ba, don haka iyakokin kuskure irin nasa da aka lissafa wa mai mayarwa suna rufe marar mayarwa ma.

Wannan ɗan juzu'i na (N − n)/(N − 1) shi ke amsa tambayar da ake yawan jefa wa masu binciken jin ra'ayin jama'a: ta yaya mutum 1,000 za su wakilci miliyoyi? Idan taron miliyan ɗaya ne, juzu'in ya kama 0.999. Idan miliyan ɗari ne, ya ƙara matsawa kusa da 1, bambancin da ba zai tsinana komai ba. Ke nan girman samfurin ne ke yanke hukunci, girman taron kusan ba ya cikin lissafi. Samfurin mutum 1,000 da aka zaɓa da ƙuri'a ta gaskiya yana ba da tazarar kuskure ta kusan maki 3 cikin ɗari sama ko ƙasa, a bisa ma'aunin tabbaci na kashi 95 da aka saba amfani da shi, ko a ƙasa ƙarama ko a babba. Likita ma ba ya ɗiban jinin ƙato fiye da na siriri don gwaji. Sai taron ya ƙanƙance ne juzu'in yake farkawa: 1,000 daga cikin 2,000 yana ba da kusan rabi, tazarar kuskuren ta sauko zuwa wajen maki 2.2. Shi ya sa masu aikin sukan yi watsi da gyaran idan samfurin bai kai kashi 5 cikin ɗari na taron ba.

Masu duba ingancin kaya a masana'anta ba su da zaɓi ma, domin wani gwajin lalata kayan yake yi, ƙwan lantarkin da aka kunna har ya mutu ba ya komawa kwali. A ce ƙwai 1,000 ne, 50 masu aibi, aka zari 20. Tsammani ɗaya ne cif. Duk da haka, kusan kashi 35 cikin ɗari na lokuta ba za a ga mai aibi ko ɗaya ba. Wanda ya ga samfuri fes ya ce kayan duka lafiya suke, ya ɗora wa ƙimar tsammani nauyin da ba ta ce za ta ɗauka ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya ji duk wannan zai iya tafiya da cewa mayarwa da rashinta tsammani ɗaya suke bayarwa a ko'ina. Kuskure ne. Daidaiton ya tsaya ne ga jimla da matsakaici na adadin zara da aka ƙayyade tun farko. Canza tambayar, amsa ta rabu. Kana da makullai goma a duhu, ɗaya ne ke buɗe ƙofar. Idan duk wanda ka gwada ka ware shi, makullin kirki yana iya zama na farko ko na goma da yiwuwa iri ɗaya, matsakaicin gwaji 5.5, kuma ba za ka taɓa wuce goma ba. Idan kana mayar da shi cikin 'yan'uwansa ka sake lalube, matsakaicin 10 ne, kuma ba ranar da aka yi maka alkawarin gamawa.

Ga wata da na fi so. Kartar wasa mai kati 52 tana da sarakuna huɗu. An gauraya, kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A kati na nawa ake tsammanin sarkin farko? Mafi yawan mutane 13 suke cewa, 52 a raba huɗu, kuma da ana mayarwa da sun yi daidai. Amsar gaskiya 10.6 ce. Ɗauki kowane kati cikin 48 da ba sarakuna ba, ka dube shi tare da sarakuna huɗun kawai, su biyar. Yiwuwar shi ne gaban duka huɗun 1 ce cikin 5. Tara wannan sau 48, ka samu 9.6, su ne katunan da ake tsammani kafin sarkin farko. Ƙara shi sarkin, 10.6. Ka ga dabarar makin 1 da 0 ta sake yin aiki ba tare da an ƙirga jeri ko ɗaya ba. Wata hanyar kallonsa: sarakuna huɗu sun yanka layin gida biyar, kuma a tsammani gidajen biyar tsawonsu ɗaya.

Wannan hoto na gidaje masu tsawo ɗaya ya taɓa shiga fagen yaƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen Ƙawance suna son sanin tankokin yaƙi nawa Jamus take ƙerawa. Jamusawa sun kasance suna buga lambobi a jere a jikin sassan tankokin, kuma duk tankar da aka kama ko aka lalata ana rubuta lambobinta. A sauƙaƙe, tamkar jaka ce mai lambobi daga 1 zuwa N, ba ka san N ba, ka zari wasu ba mayarwa. A ce ka kama biyar: 14, 37, 52, 71, 90. Lamba mafi girma, 90, tabbas ba ta wuce N ba, kuma galibi tana ƙasa da shi, don haka ɗaukarta a matsayin amsa karkata ce zuwa ƙasa. Da nawa? Lambobi biyar sun raba layin gida shida. Gidan da ke sama da 90 ba ka ganinsa, amma biyar da ke ƙasa kana ganinsu, kuma a tsammani tsawonsu ɗaya da shi. Lambobin da ba ka kama ba a ƙasa da 90 guda 85 ne, a raba gida biyar, 17. Ƙara 17 a kan 90, ƙiyasinka 107. A taƙaice, babbar lamba, a ƙara mata ita kanta a rabe da adadin samfuri, a cire ɗaya.

Akwai wata hanyar da ita ma ba ta karkata: ninka matsakaicin samfuri biyu ka cire ɗaya. Amma da lambobin da ka kama 3, 8, 11, 20 da 90 ne, matsakaici 26.4, sai ta ce maka tankokin kusan 52 ne, alhali ga mai lamba 90 a gabanka tana hayaƙi. Hanyoyi biyu, ƙimar tsammani ɗaya, amma ɗaya tana iya faɗin abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma warwatsuwarta ta fi yawa. Aikin da aka yi a zahiri ya fi wannan misali sarƙaƙiya, amma bayan yaƙi an samu kwatanta shi da takardun Jamus. Richard Ruggles da Henry Brodie sun wallafa alƙaluman a 1947. Tankokin da aka ƙera a watan Yunin 1941, masu lissafi sun ce 244, jami'an leƙen asiri sun ce 1,550, takardun Jamus suka nuna 271. A Agustan 1942, masu lissafi 327, leƙen asiri 1,550, takardu 342.

Duk wannan gini a kan ginshiƙi ɗaya yake tsaye: cewa kowane abu a jakar yana da dama iri ɗaya ta faɗawa kowane gurbi. Idan damar ta bambanta amma an san ta, akwai magani, wanda Daniel Horvitz da Donovan Thompson suka tsara a 1952: a ba kowane abu nauyi gwargwadon ƙarancin damarsa ta shiga samfuri, wanda damarsa 1 ce cikin 50 a ƙirga shi sau 50. Idan kuwa ta bambanta ba tare da an sani ba, lissafin ya rushe, kuma ƙara girman samfuri ba ya ɗaga shi.

Amurka ta ga haka ranar 1 ga Disambar 1969, lokacin yaƙin Biyetnam, da aka yi ƙuri'ar tsara waɗanda za a fara kira aikin soja cikin mazan da aka haifa daga 1944 zuwa 1950. An rubuta ranaku 366 na shekara, kowace a cikin ƙaramin ƙwanso, aka zuba a babban tulun gilashi, aka yi ta zara ba mayarwa a gaban kyamarori. Ranar da ta fara fita, 14 ga Satumba, ta samu lamba 1, haka har 366. Ƙaramar lamba na nufin kira da wuri. A ƙa'ida, lambar da ake tsammani ga kowace rana 183.5 ce, kuma matsakaicin kowane wata ya kamata ya yi ta yawo a kusa da nan. Da masana ƙididdiga, cikinsu har da Stephen Fienberg, suka zauna da sakamakon, sai suka ga matsakaicin watan Maris ya kai kusan 226, na Disamba kuwa bai wuce 122 ba, kuma watannin ƙarshen shekara galibi sun faɗo ƙasa. An zuba ƙwansunan ne wata bayan wata, daga Janairu zuwa Disamba, gaurayawar da aka yi ba ta isa ba, na ƙarshen shiga suka fi zama inda hannu ke fara kaiwa. An kira mutane har zuwa lamba 195 daga wannan ƙuri'a, don haka tazarar da ke tsakanin 122 da 226 ta shafi wanda ya tafi da wanda ya zauna gida. A ƙuri'ar da ta biyo baya, ta 1 ga Yulin 1970, an sauya tsari: ganga biyu, ɗaya ta ranaku, ɗaya ta lambobi, an loda kowacce bisa jerin da aka fitar daga jadawalin lambobin ƙuri'a, aka juya su, sannan a kowane zagaye a zari rana daga wannan, a zari lamba daga waccan, a haɗa.